Shin Ko Kun San? Kuɗi da Sauya Sheƙa a Wasannin Jami'o'in Amurka

Shin ko kun san cewa filin wasa mafi girma a duk faɗin Amurka ba na ƙungiyar ƙwararru ba ne, na jami'a ne? Filin Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor yana cin mutum 107,601, ya ɗara Wembley na Ingila mai cin 90,000 nesa ba kusa ba. Filayen Penn State da Ohio State da Texas A&M da Tennessee duk sun haura mutum 100,000. Wasan da ake yi wa wannan cikar kwari shi ne zari-ruga irin ta Amurka, wadda ake buga ta da hular kwano da sulken kafaɗa, kuma masu buga ta ɗalibai ne da galibinsu ba su wuce shekara 23 ba. Tun ranar 6 ga Nuwamban 1869, da Rutgers ta kara da Princeton, jami'o'i suke wannan harka.

Shin ko kun san cewa a can goyon bayan jami'a gado ne? Kaka ya yi, uba ya yi, jika ya taso ya tarar, ko da babu wanda ya taɓa shiga aji a makarantar. A Jami'ar Nebraska, tun 1962 ba a buga wasan gida ko ɗaya da tikiti ya yi kwantai ba, in aka cire kakar annobar korona da aka hana 'yan kallo shiga, alhali rabon ƙungiyar da kofin ƙasa tun 1997. A 2021 da tikiti ya so ya rage, wasu masu hannu da shuni suka saye ragowar suka raba wa yara kyauta don kada tarihin ya yanke. A filin wannan jami'ar ne kuma, ranar 30 ga Agustan 2023, mutum 92,003 suka taru kallon ƙwallon raga ta 'yan mata.

Ko kun san cewa ɗaliban Texas A&M a tsaye suke kallon wasa daga farko har ƙarshe? Asalin abin a Janairun 1922 ne, ranar da rauni ya kusa ƙarar da 'yan wasansu, koci ya kira wani ɗalibi mai suna E. King Gill daga wajen fili, ya sa kayan wasa ya tsaya a gefe cikin shiri. Bai shiga ba har aka tashi, amma tsayuwar tasa ta zama al'ada. Irin wannan ƙauna ce ake fargabar kuɗi zai ɓata.

Shin ko kun san cewa an yi fiye da shekara ɗari ba a biyan yaran da ke cika waɗannan filaye ko sisi? Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, wato NCAA, wadda aka kafa a 1906, ta tsaya kai da fata cewa ladan ɗan wasa shi ne karatu kyauta da abinci da wurin kwana. A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison ya rasu sakamakon buguwa a ka yana buga wa wata kwaleji a jihar Colorado. Matarsa ta nemi diyyar da ake ba iyalan ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki, Kotun Ƙolin jihar ta ce mijinta ba ma'aikaci ba ne. Walter Byers, wanda ya ja ragamar hukumar sama da shekara talatin kuma ya gina wannan tsari da hannunsa, shi da kansa ya dawo yana sukarsa a littafin da ya fitar a 1995.

Shin ko kun san nawa ke shigowa? Kwantiragin talabijin na rukunin jami'o'in Big Ten, wanda aka ƙulla a 2022, ya haura dala biliyan 7 a shekara bakwai. Tashar ESPN za ta biya dala biliyan 7.8 a shekara shida don nuna wasannin fitar da zakaran zari-ruga. Gasar ƙwallon kwando ta watan Maris kuwa, ƙarin kwantiragin da CBS da Turner suka sa wa hannu dala biliyan 8.8 ne, har zuwa 2032.

Ko kun san cewa duk da wannan dukiya, a da yaro kan rasa mutuncinsa saboda ɗan abin da bai taka kara ya karya ba? A ƙarshen 2010 aka dakatar da 'yan wasan Ohio State biyar wasanni biyar-biyar, laifinsu sun sayar da zobuna da riguna da kyaututtukan da aka ba su mallakinsu, sun kuma samu rangwame a shagon zanen jiki. Reggie Bush na Jami'ar USC, wanda ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon shekara a 2005, sai da ya mayar da ita a 2010 saboda an gano wasu dillalai sun yi wa iyalinsa hidima. Jami'arsa ta yanke hulɗa da shi shekara goma cur. Sai a Afrilun 2024 aka dawo masa da kyautarsa, bayan abin da aka hukunta shi a kai ya zama ruwan dare.

Shin ko kun san cewa wasan kwamfuta ne ya fara fasa wannan katanga? Ed O'Bannon ya ci kofin ƙwallon kwando da UCLA a 1995. Shekaru sun shuɗe, yana sayar da motoci a kusa da Las Vegas, sai ya ga kansa a cikin wasan bidiyo na kamfanin EA Sports: tsayinsa, sanƙonsa, lambar rigarsa 31, har da jefa ƙwallo da hannun hagu. Suna kawai aka cire. Babu wanda ya nemi izininsa, babu wanda ya ba shi kwabo. Ya shigar da ƙara a 2009, alƙaliya Claudia Wilken ta ba shi gaskiya a 2014. Kamfanin ya daina fitar da wasan zari-ruga na jami'o'i tun 2013, kuma da ya dawo da shi a 2024 sai da ya biya kowane ɗan wasa dala 600 da kwafin wasan, 'yan wasa sama da 11,000 suka amince.

Shin ko kun san cewa alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara, waɗanda da wuya su haɗu a kan magana ɗaya, duk sun haɗu a kan wannan? Ranar 21 ga Yunin 2021 suka kayar da NCAA tara da babu a shari'ar Alston. Alƙali Brett Kavanaugh ya ƙara da nasa bayanin, inda ya ce irin wannan tsari da a wata sana'a ce ta Amurka da tuni ya zama haramtacce. Kwana goma bayan nan, ranar 1 ga Yuli, hukumar ta sakar wa ɗalibai mara su ci kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL a taƙaice. Da ma jihar Kalifoniya ta riga ta yi doka a kan haka tun Satumban 2019, sauran jihohi suka bi sahu don kada a kwashe musu yara.

Ko kun san cewa a da, ɗan zari-ruga ko ɗan ƙwallon kwando da ya koma wata jami'a sai ya yi zaman benci shekara guda kafin ya buga? Kocinsa ma yana da ikon lissafa masa makarantun da ba zai je ba. A Oktoban 2018 aka buɗe rajista a intanet inda ɗan wasa zai sa sunansa kowace jami'a ta gan shi ta neme shi. A 2021 aka yarda ya sauya sheƙa sau ɗaya ba tare da zaman jira ba. A Disamban 2023 wani alƙalin tarayya a West Virginia ya dakatar da sauran takunkumin, zuwa Afrilun 2024 hukumar ta sallama: ko sau nawa ne, muddin karatunsa na tafiya. Yanzu dubbai ke shiga rajistar kowace shekara.

Masu bin ƙwallon Turai za su ce ai wannan tsohon labari ne tun hukuncin Bosman na 1995. Akwai bambanci babba. A Turai ɗan wasa yana da kwantiragi na shekaru, kuma ƙungiyar da ta raine shi tana karɓar kuɗin cinikinsa ta sayi wani. A jami'o'in Amurka babu kuɗin ciniki. Ƙaramar makaranta za ta tsinto yaron da kowa ya raina, ta horar da shi shekara biyu, ranar da ya haska babbar jami'a ta ɗauke shi, ita kuwa ko na gode ba za ta samu ba.

Shin ko kun san cewa daga 1 ga Yulin 2025 jami'o'i da kansu suke biyan 'yan wasa kai tsaye? Wannan ya biyo bayan sulhun shari'ar Grant House, wani ɗan ninƙaya na Arizona State, wanda alƙaliya Wilken ɗin nan dai ta amince da shi ranar 6 ga Yunin 2025. Za a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, kuma kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. A yawancin manyan makarantu kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin zari-ruga ke cinyewa.

Shin ko kun san aljihun wa ake lalube? Na mai goyon baya. Tun 2021 magoya baya suka fara kafa ƙungiyoyin tara kuɗi don riƙe 'yan wasa da janyo sababbi: attajiri ya zuba miliyoyi, ma'aikaci ya riƙa ba da 'yan daloli duk wata. A Satumban 2024 Jami'ar Tennessee ta fito fili ta ce za ta ɗora kashi 10 cikin ɗari a kan farashin tikiti, ta kuma faɗi cewa na biyan 'yan wasa ne. Daraktan wasanni na Ohio State ya ce 'yan wasansu na 2024 sun samu kimanin dala miliyan 20, kuma su suka ci kofi a Janairun 2025. A nan ne zuciyar mai kallo ta fara canzawa. Da yana kallon yaro a matsayin ɗan makarantarsu, in ya yi kuskure a ce yaro ne, gobe zai gyara. Yau yana kallonsa a matsayin wanda ya biya, kuma wanda ya biya ba ya da haƙuri.

Ko kun san cewa wata bakwai bayan waccan sanarwa ta Tennessee, babban tauraronsu ya tafi? Nico Iamaleava, mai jefa ƙwallo kuma jagoran kai hari, shi ya kai su wasannin fitar da zakara a 2024. A Afrilun 2025, ana tsakiyar rahotannin cewa ana ja-in-ja kan ƙarin kuɗi, bai zo atisaye ba kwana ɗaya kafin wasan gwaji na bazara. Washegari koci Josh Heupel ya ce sun rabu, ya kuma ce babu wanda ya fi tambarin makaranta girma, har shi kansa. Magoya baya suka bi koci. Iamaleava ya koma UCLA, shi kuma Joey Aguilar da bai daɗe da isa UCLA ba ya tattara ya koma Tennessee, kamar an yi musaya.

Shin ko kun san cewa akwai wanda ya tafi ana tsakiyar kaka? A Satumban 2024 Matthew Sluka ya ja Jami'ar UNLV ta ci wasanni uku a jere, sannan ya ajiye riga. Wakilinsa ya ce an yi masa alkawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba, jami'ar ta musanta. Zagi ya sha, amma wanda ya yi hijira daga garinsu bisa alkawarin da babu takarda, ai tambayar farko ta manyan da suka bar harkar ba rubutu ce. UNLV ta ƙare kakar da nasara 11 da wanda ya gaje shi.

Shin ko kun san cewa ba yara ne suka fara karya alkawari ba? Wannan ce maganar da ake yawan tsallakewa, kuma ita ta fi ci mini rai. A mako guda na ƙarshen Nuwamban 2021, Lincoln Riley ya bar Oklahoma ya koma USC, Brian Kelly ya bar Notre Dame ya koma LSU kan kwantiragin dala miliyan 95 a shekara goma, alhali Notre Dame na da sauran damar shiga wasannin kofi. Yaran da suka je waɗannan makarantu saboda kocin ya zauna a falon iyayensu ya yi musu alkawari, a waya suka ga labari. A Nuwamban 2023 Texas A&M ta sallami Jimbo Fisher da bashin sama da dala miliyan 75 a kanta, kuɗin zama a gida. A ƙarshen Nuwamban 2025 Lane Kiffin ya bar Ole Miss ya koma LSU ana gab da shiga wasannin fitar da zakara. Shekara da shekaru koci yana tafiya inda ya ga dama a ce neman ci gaba ne. Ɗan shekara ashirin da ƙashinsa ke karyewa a fili ya yi irin haka a ce ba shi da amana. Ban ga adalci a wannan ba.

Ko kun san cewa jami'o'in su ma sun sauya sheƙa? Rukunin Pac-12 na gaɓar yamma, wanda asalinsa ya kai 1915, ya watse a 2024 da jami'o'i goma cikin sha biyu suka bi kuɗin talabijin. Oregon State da Washington State aka bari a tsaye. Yanzu UCLA ta Los Angeles rukuni ɗaya take da Rutgers ta New Jersey, tazarar kusan kilomita 4,000. Karawar Oklahoma da Oklahoma State da aka faro a 1904 ta tsaya bayan wasan 2023. Texas da Texas A&M sun yi daga 2011 zuwa 2024 ba su haɗu ba. Babu ɗalibi ko ɗaya da ya sa hannu a waɗannan takardu, kuma sun fi sauya sheƙar kowane yaro taɓa zuciyar mai kallo, don wanda ya saba yin tafiyar awa biyu a mota ya kalli wasan waje, yanzu sai jirgi.

Shin ko kun san cewa duk da guna-guni, mutane ba su daina zuwa ba? Colorado ta ci wasa ɗaya tak cikin 12 a 2022. Deion Sanders ya zo koci, a zamansa na farko da 'yan wasa ya ce musu su shiga rajistar sauya sheƙa don ya zo da nasa kayan. Ya kawo sababbi sama da 50 daga wasu makarantu. Sai tikitin kaka ya ƙare kaf, abin da ba a gani ba tun 1996, mutum sama da 47,000 suka biya kuɗi don kallon wasan gwaji kawai. Ƙungiyar da kusan babu wanda ya san fuskokinta ce ta fi kowace jan hankali a Satumban 2023.

Ko kun san cewa daga 2017 zuwa 2025, bakwai cikin tara na waɗanda suka lashe kyautar Heisman 'yan sauya sheƙa ne? Baker Mayfield, Kyler Murray, Joe Burrow, Caleb Williams, Jayden Daniels, Travis Hunter da Fernando Mendoza. Burrow benci ya ɗumama a Ohio State kafin ya koma LSU ya ci musu kofi a kakar 2019 ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba. Shekara biyu kawai ya yi a can, amma a Louisiana, jihar da LSU take, ɗan gida ne har gobe.

Shin ko kun san abin da ya faru a Nashville daren 5 ga Oktoban 2024? Jami'ar Vanderbilt ta garin, wadda ta saba zama kurar baya, ta doke Alabama da ke matsayi na ɗaya a ƙasa da ci 40 da 35, karon farko da ta yi nasara a kanta tun 1984. Jagoran harin shi ne Diego Pavia, wanda manyan jami'o'i suka ƙi ɗauka bayan sakandare, ya bi ta ƙaramar kwaleji, ya yi New Mexico State, ya iso Vanderbilt watanni kaɗan kafin nan. Ana busa tashi ɗalibai suka kwararo cikin fili, suka ɗare sandunan gola masu ruwan ɗorawa suna jijjigawa har suka karye. Suka saɓa su a kafaɗa, suka fita da su titi, suka ratsa Broadway inda gidajen kiɗa suke, motoci suna ta hon, 'yan sanda na biye, har bakin kogin Cumberland, suka jefa su ciki. An ci jami'ar tarar dala 100,000. 'Yan kwana-kwana suka tsamo sandunan, aka yayyanka su aka yi gwanjonsu, magoya baya suka saye. A daren nan babu wanda ya tambayi Pavia shekara nawa ya yi a makarantar.

Haka ma Indiana, wadda ta daɗe riƙe da tarihin yawan shan kashi a manyan jami'o'i. Koci Curt Cignetti ya zo daga James Madison da 'yan wasa 13 a bayansa, ya ci wasa 11 a 2024, a kakar 2025 kuma ya ci 16 ba faɗuwa ya ɗauki kofin ƙasa. A tsohon tsari, da manyan gidaje ke tara taurari a benci ba su da hanyar fita, da wuya Indiana ta ga wannan rana.

Shin ko kun san su wa ke kwana ciki? Magoya bayan ƙananan makarantu. A Maris 2022 Saint Peter's, wata 'yar ƙaramar jami'a a Jersey City, ta fitar da Kentucky da Murray State da Purdue ta kai zagayen 'yan takwas a gasar ƙwallon kwando, abin da wata mai matsayi na 15 ba ta taɓa yi ba. Kwanaki kaɗan bayan nan koci Shaheen Holloway ya koma Seton Hall, taurarin suka watse kowa ya kama gabansa. Wanda ya sayi riga cikin murna a Maris, da ya dawo a Nuwamba baƙin fuskoki ya tarar. Florida Atlantic da ta kai zagayen 'yan huɗu a 2023 ita ma haka: a 2024 koci ya tafi Michigan da dogon ɗan wasansa, wani ya tafi Arkansas, Alijah Martin ya tafi Florida ya ci kofi da su a 2025. A gasar 2025 ɗin, duk ƙungiyoyi 16 da suka rage a zagaye na uku daga manyan rukunai huɗu suka fito. Daɗin gasar Maris shi ne ƙarami ya kayar da babba, kuma ƙarami ba ya iya haka sai da yaran da suka shekara uku ko huɗu suna buga wasa tare.

Ko kun san cewa an taɓa fasa wasa saboda ƙungiya ta ƙare? A Disamban 2024 Marshall ta ci kofin rukuninta, washegari kocinta ya koma Southern Miss, 'yan wasa suka yi ta tururuwa zuwa rajista har jami'ar ta janye daga wasan ƙarshen kaka da za ta buga da Army. Shekara guda kafin nan Florida State, wadda ta ci 13 ba faɗuwa amma aka hana ta gurbin neman kofi, ta je wasan Orange Bowl babu 'yan wasa sama da ashirin, Georgia ta lallasa ta 63 da 3. Mutane sun biya jirgi da otal don wannan.

Shin ko kun san cewa wasu jami'o'i sun fara ɓoye 'yan wasansu? A 2025 Nebraska ta soke wasan gwaji na bazara da ake nunawa a talabijin, koci Matt Rhule ya ce nuna yaran tamkar baje su ne a kasuwa don wasu su zo zawarci. Wannan wasa shi ne ranar da mai ƙaramin ƙarfi ke iya kai 'ya'yansa filin da kuɗi kaɗan.

Ko kun san cewa manyan kociyoyi sun ajiye aiki saboda sabon yanayin? Tony Bennett, wanda ya ci wa Virginia kofi a 2019, ya yi murabus a Oktoban 2024 yana cewa shi ba mutumin wannan zamani ba ne. Jim Larrañaga na Miami ya bi shi a Disamba, ya ce bayan ya kai ƙungiyar zagayen 'yan huɗu a 2023, 'yan wasansa takwas suka nemi tafiya.

Shin ko kun san cewa tsayawa wuri ɗaya har yanzu yana da riba? Caitlin Clark 'yar jihar Iowa ce, ta yi shekara huɗu cif a Jami'ar Iowa, ta tara maki 3,951, fiye da kowa a tarihin babban rukunin NCAA, mace ko namiji. Wasan ƙarshe na 2024 tsakanin Iowa da South Carolina mutum miliyan 18.9 suka kalla, ya ɗara na maza a karon farko. Kuɗin talla da ta samu tana ɗaliba bai rage mata masoya ba. Mutane sun ga shigowarta tana 'yar shekara 18, sun ga faɗuwarta da tashinta, shi ya sa suka ɗauke ta tasu. Abin da ke ɓacewa kenan a sauran wurare. Akwai al'ada a wasan gida na ƙarshe: a kira sunan kowane ɗan ajin ƙarshe, ya fito tsakanin mahaifinsa da mahaifiyarsa, uwar riƙe da furanni, koci ya rungume shi ya miƙa masa rigarsa cikin firam, fili ya miƙe tsaye. Yanzu sau da yawa wanda ake yi wa tafin wata tara ke nan da zuwansa, kuma wannan ce jami'arsa ta uku.

Shin ko kun san cewa 'yan Afirka da ke wasa a can suna cikin waɗanda aka bari a baya? Najeriya ta daɗe a wannan fage: Hakeem Olajuwon ya bar Legas ya je Jami'ar Houston a 1980, ya kai su zagayen 'yan huɗu sau uku a jere, aka ɗauke shi na ɗaya a NBA a 1984, gaban Michael Jordan. Tobi Amusan a Jami'ar Texas ta El Paso ta goge kafin ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge a 2022. Amma bizar ɗalibi ta taƙaita aikin kuɗi a cikin Amurka, don haka abokin wasanka na cin kuɗin talla kai kana kallo. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, gwarzon ƙwallon kwando na 2022 a Kentucky, sai da ƙungiyarsu ta je Bahamas a Agustan shekarar ya samu damar yin tallace-tallacensa, don a can dokar bizar ba ta hau kansa.

Ko kun san cewa ƙasa da kashi 2 cikin ɗari na 'yan wasan jami'a ne ke zama ƙwararru? Ga mafi yawansu shekarun nan huɗu ko biyar su ne kaɗai lokacin da jikinsu zai kawo kuɗi. Kuma ba duk wanda ya shiga rajista ke samun sabon gida ba. Da yawa sun saki tallafin karatun da ke hannunsu sun tashi a tutar babu.

Shin ko kun san cewa yanzu jami'o'i sun fara maka juna a kotu kan 'yan wasa? A Yunin 2025 Wisconsin ta kai Miami ƙara, tana zargin ta yi zawarcin Xavier Lucas bayan ya sa hannu a yarjejeniyar shekara biyu. Hukumar NCAA ta kuma soke damar sauya sheƙa ta bazara a zari-ruga, ta bar taga ɗaya daga 2 zuwa 16 ga Janairu. A ganina gyaran da zai amfani mai kallo shi ne kwantiragi rubutacce na shekara biyu ko uku da zai ɗaure ɓangarorin biyu, da diyya ga makarantar da aka ɗauke wa yaro. Hakan ba zai tsaya a kotu ba sai an zauna da 'yan wasan an yi ciniki da su a ƙungiyance, jami'o'in kuwa har yanzu ba su yarda a kira su ma'aikata ba. 'Yan ƙwallon kwando na Dartmouth sun gwada: a Maris 2024 suka kaɗa ƙuri'a 13 da 2 don shiga ƙungiyar ƙwadago, jami'ar ta ƙi zama da su, a ƙarshen Disamban shekarar suka janye buƙatar.